Gaiwar Gwadabe

Mutanen birnin Kano suna da wani ciwo da ke tasar musu ranar Asabar. Da gari ya waye sai birnin ya ishe su, su cika mota da lemo da darduma, su miƙi hanyar Wudil wai za su sha iska, sai ka ce ta birnin an kulle ta a shago. Sukan tsaya a bakin gada su ci soyayyen kifi, su ɗauki hoton masu yashi suna nutso da bokiti, su tambayi mai kwalekwale ko akwai kada a ruwan. Kafin magariba sun koma, ko sunan wanda ya ba su ruwan alwala ba su tambaya ba.

Gwadabe bai taɓa damuwa da su ba, don gidansa yana can ciki wajen Indabo, inda mota sai ta yi niyya take zuwa. Tsohon masunci ne. Ya rataye taru tun da gwiwoyinsa suka daina shiri da sanyin ruwa, kuma abin da ya rage masa na kogi guda ɗaya ne, gaiwa.

Wanda bai san gaiwa ba, kifi ce, amma kifin da bai gama yarda da zama kifi ba. Doguwa ce kamar maciji, tana da wasu zare-zare huɗu a inda ya kamata a ga ƙafafu, kuma takan leƙo saman ruwa ta shaƙi iska kamar ni da kai. In tafki ya ƙafe sauran kifaye suka mutu, ita sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙinta har ya bushe ya zama 'yar jaka. Ta bar wata ƙaramar kafa ta numfashi, ta kwanta. Ba ci ba sha sai ruwan sama ya sauko ya buga mata ƙofa.

Ta Gwadabe ya tsince ta ne tana kamar ɗan yatsa, a wani kududdufi da shanu ke tattakawa. Ya kawo ta gida a hularsa, ya sa ta a wata tsohuwar randa da ya binne rabinta a gindin tsamiya, bayan gida. Shekaru suka shuɗe har ta kai tsawon hannun mutum. Da damina yana kama mata kwaɗi da tana. In rani ya shigo sai ya daina ƙara ruwa, ya bar taɓon ya bushe a kanta yadda Allah ya tsara mata. Kullum bayan asuba sai ya durƙusa ya kara kunne a bakin kafar nan. Yana rantsuwa wani lokaci yakan ji ta yi ajiyar zuciya. Yakan zauna yana tunanin me take gani a barcin, ko wani kogi ne da babu taru a cikinsa, ko kuwa duhu ne kawai mai daɗi. Daga nan sai ya shiga ba ta labari: farashin gero, wanda ya mutu, mafarkin da ya yi. Matarsa Ikilima ta daɗe da daina yi masa dariya.

Mutumin da ke hira da kifi haka, akwai mutum ɗaya da bai taɓa hira da shi ba, ɗansa na fari. A gidansu ana kunyar ɗan fari, kunya ta gaske irin ta mutanen dā. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya duban idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Haka ubansu ya yi wa yayan Gwadabe, haka kakansa ya yi. Da aka yaye yaron sai kawunsa ya tafi da shi Kano, can ya yi karatu, can ya samu aiki a wani kamfanin sayar da filaye. Sunansa Jamilu, amma a birni ya datse wutsiyar sunan ya koma Jamil. A bakin Gwadabe kuwa shi ne "wancan" ko "na birni". In akwai saƙo, ƙanin Gwadabe, Ya'u, shi ke ɗauka ya kai, ya dawo da amsa, ko da su ukun suna zaune a tabarma ɗaya.

Ranar Asabar ɗin da muke magana, tsakiyar bazara ce, zafi har ƙadangaru sun buɗe baki, kuma Ya'u ya tafi Ɗankaza gaisuwar mutuwa. Bayan azahar wata baƙar mota mai tsayi ta tsaya a ƙofar gidan. Jamil ya fito da sauri ya buɗe ƙofar baya. Wani mutum mai ƙiba ya sauko, da farar shadda da baƙin tabarau, sai matarsa da mayafi ruwan goro, waya a hannu. Shi ne Alhaji Nu'uman, mai kamfanin da Jamil ke wa aiki, ita kuma Hajiya Khaulat.

Gwadabe ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da iyali da zafin nan. Jamil ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni." Gwadabe ya dubi bango ya ce, "Lafiya," kamar bangon ne ya gaishe shi. Ikilima ta turo ƙwaryar fura bakin ƙofa ta koma ciki, don kunyarta ta fi ta mijinta. Alhaji ya kai ludayi baki ya ajiye. Hajiya ta ce ita tana da ruwanta a mota.

"Dattijo, ba za mu daɗe ba," in ji Alhaji. "Mun ga gada, mun ga masu yashi, mun ga tukwane, Hajiya ta ce duk ta taɓa gani. Shi ne yaron nan ya ce a gidansu akwai kifin da ke barci a busasshiyar ƙasa. Na ce ƙarya ne. Ya ce mu zo."

Gwadabe ya ji daɗi, wannan shi ne kuskurensa na farko. Ba a cika tambayarsa labarin gaiwa ba. Ya kai su bayan gida, ya cire faifan da ke kan randar, ya nuna musu taɓon da ya bushe ya tsattsage, da 'yar kafar da ke tsakiya.

"Tana nan ƙasa, ranka ya daɗe. In ka kara kunne, ka yi haƙuri, wataƙila ka ji ta."

Alhaji ya dubi shaddarsa, ya dubi ƙasa, bai durƙusa ba. Hajiya ta haska kafar da fitilar wayarta.

"Ni rami kawai nake gani," ta ce. "Ko gidan gyare ne ma. A fito da ita mana."

"Hajiya, ba a tashinta sai ruwa ya sauko. Amma tunda kun taso daga nesa, akwai dabara. A riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ƙasar ta jiƙa. In an fara yanzu, gobe da hantsi za ta fito da kanta."

"Gobe?" Alhaji ya yi dariya har tumbinsa ya motsa. "Dattijo, mu 'yan yini ne. La'asar a hanya za ta same mu, kafin manyan motoci su cushe Mariri. Ba ga fartanya can ba? A fasa kawai. Ai a bushen ma muke son ganinta."

"Fartanya ba ta da ido, ranka ya daɗe. Ba a san inda kanta yake ba, ba a san inda cikinta yake ba. Ko ba a sare ta ba, in jakar ta yage a wannan zafin, ta gama."

Alhaji ya juya wurin Jamil. "To ka ji. Babanka ya hana. Ka ɗauko mu tun daga Kano mu kalli randa."

Jamil yana tsaye a jikin tsamiya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya dubi ubansa, uban yana duban ƙasa. Wani abu ya gilma a fuskarsa, abin da ya daɗe yana jiran rana.

"Ni bai hana ni ba, Yallaɓai," ya ce. "Ni bai ce min komai ba. Tunda aka haife ni ma bai taɓa ce min komai ba."

"Kamar yaya?" in ji Hajiya.

"Ɗan fari ne ni. Ba ya kiran sunana. Ba ya yi min magana. Bari ki gani." Ya matso gaban uban, ya sunkuya yana leƙen fuskarsa. "Baba, wane ne ni? Baba, ya sunana?"

Gwadabe ya kawar da kai gefen hagu. Jamil ya bi shi hagu. Ya kawar dama, ya bi shi dama. Hajiya ta fashe da dariya, ta ɗaga waya.

"Wallahi na ɗauka a labari kawai ake wannan. Kamar amarya. Alhaji, dubi yadda yake sunne kai."

"Ai wannan ya fi kifin," in ji Alhaji.

Gwadabe ya waiga wajen ƙofar baya, ko Allah zai jeho Ya'u. Ba kowa sai akuya tana cin ɓawon tsamiya. Sai ya fuskanci itacen, ya yi magana da shi kamar yadda yake yi da Ya'u.

"A gaya wa wancan, abin nan da rai a jikinta. A ce masa ya ji tsoron Allah."

"Tsamiya, kin ji saƙo," in ji Alhaji, "sai ki isar."

Jamil ya je ya ɗauko fartanyar da ke jingine a danga. Ya dawo ya tsaya a kan randar. Muryarsa ta yi ƙasa, ba wasa a cikinta kuma.

"Baba, abu mai sauƙi ne. Ka dube ni ka ce, Jamilu, bari. Shi ke nan. In ka faɗa, na ajiye, mu hau mota mu tafi. Kifi kana ba shi labari tun asuba, kowa ya sani. Ni kalma biyu nake nema."

Gwadabe ya ji motsi a bayan zana, ya san Ikilima ce. Ya san kuma bayan dangar maƙwabta akwai kunnuwa, don baƙuwar mota ba ta shiga ƙauye ita kaɗai. Ya buɗe baki, harshen ya ƙi tashi. Sunan yana nan, ya san shi sarai. Shi ya raɗa wa liman shi ranar suna, sannan ya gudu kogi ya wuni a kwalekwale don kada a yi masa barka. Tun ranar yake ɗauke da shi a ƙirji, bai taɓa fitar da shi ya sha iska ba. Ba ƙi ba ne. Ya so ya ce wa yaron abin da aka fi so shi ake rufewa, amma wannan ma magana ce, kuma da shi za a yi ta.

Jamil ya ɗaga fartanyar.

Gwadabe ya ɗago kai. Bai taɓa ganin fuskar nan kusa haka ba. Ashe yaron yana da tabo a gira, ashe hancin uwarsa ya ɗauko, ashe har furfura ta fara masa a gefen kunne.

"Jamilu," ya ce. Muryar ta fito kamar ta wani. "Bari."

A bayan zana aka ji ƙwarya ta faɗi, aka ji sawu sun yi ɗaki da sauri. Hannun Jamil ya sauko a hankali. Ya tsaya yana duban ubansa kamar wanda ya roƙi ruwa aka miƙo masa kogi.

"Kash, ban ɗauka ba," in ji Hajiya tana latsa waya. "Kira ne ya shigo. Baba, don Allah sake faɗa. Ka ɗan ɗaga murya."

"Hajiya, ya isa," in ji Jamil.

"Kai kuma fa? Kai ka fara wasan. Baba, sau ɗaya kawai."

Gwadabe ya dubi randar. Abin da ya zube ya riga ya zube. Ya sake faɗa, ya ɗaga murya kamar yadda aka ce, har maƙwabta suka ji da kyau.

"Madalla," in ji Alhaji, yana tafa hannu a hankali. "Mun ga ɗaya, saura ɗaya." Ya miƙa hannu. "Kawo fartanyar."

"Yallaɓai, na yi masa alkawari."

"Ka yi, kuma ka cika, ka ajiye. Ni man da na ƙona ba na jin sunanka ba ne, kullum ina kiransa a ofis kyauta. Kawo."

"Yallaɓai, don Allah a bar..."

Alhaji ya zare tabarau ya dube shi. Kallo ne irin wanda ke tuna wa mutum ranar Litinin, da kuɗin haya, da yara a makaranta. Jamil ya sunkuyar da kai. Bai miƙa fartanyar ba, amma da aka ja ta bai riƙe ba.

Gwadabe ya durƙusa ya dafa bakin randar da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, kai baƙona ne. Ga akuya can, a yanka muku. Ga zabi."

"Dattijo, janye hannunka kada in ji maka ciwo a banza."

Alhaji bai taɓa noma ba, sara na farko a gefen randar ya sauka, ta tsage har ƙasa. Na biyu ya ɓare ƙasar gida biyu. Na uku ya shiga da wata ƙara mai laushi, kuma daga cikin ƙasar wani sauti ya fito, siriri, kamar kukan jariri a ɗaki na uku. Hajiya ta ja da baya.

Ga ta nan. Tana naɗe cikin jakarta mai ruwan ƙasa, wutsiya a kan fuska kamar mai jin kunyar haske. Ta rame, ta yamutse, ba ta kai rabin yadda take da damina ba. Bakin fartanyar ya yaga jakar, ya shiga bayanta ƙasa da kai kaɗan. Jini baƙi-baƙi yana tsattsafowa a hankali, shi ma kamar bai gama farkawa ba.

"Wannan ce?" in ji Hajiya. Ta toshe hanci da mayafi. "Kamar tsohon takalmi. Ni na ɗauka wata babba ce."

Alhaji ya taɓa ta da ƙafa. Ba ta motsa ba. "To, ba ka yi ƙarya ba, Jamil, kifi ne a ƙasa. Amma ba abin a taso daga Kano ba ne." Ya jefar da fartanyar, ya kakkaɓe hannun riga. "Dubi yadda na ɓata shadda. Mu je, a tsaya a gada a saya wa yara kifi, na gaske."

Suka nufi mota. Alhaji ya tsaya a zaure ya ajiye wani abu a kan tabarma, ya ce a sayi wata randar. Gwadabe bai duba ba.

Jamil bai bi su nan da nan ba. Ya tsaya a bayan ubansa, hannuwansa suna lilo.

"Baba," ya ce. "Baba, ban san zai... Ka ce wani abu. Ko zagi ne."

Gwadabe yana tsince ɓaraguzan ƙasa daga jikin gaiwar, ɗaya bayan ɗaya. Aka danna hon. Aka sake dannawa, aka daɗe. Jamil ya juya ya tafi, da farko a hankali, daga baya da gudu, don shi zai buɗe musu ƙofa.

Da ƙarar motar ta ɓace, Gwadabe ya shiga gida ya ɗauko kwatarniyar wanka. Ikilima tana ɗaki ta saki labule. Ya cika kwatarniyar da ruwan tulu, ya ɗauko gaiwar a hannu biyu ya sa a ciki. Tausayi ne ya sa shi, kuma da ya tsaya ya yi tunani irin na masunci da bai yi ba. Da ya bar ta a bushe, da ta wuce cikin barcinta ba ta san an yi ba. Amma ita ruwa magana ɗaya yake gaya mata: damina ta zo.

Jakar ta jiƙa ta saki. Wutsiyar ta zame daga kan fuska. Ƙananan idanun suka buɗe. Ta miƙe a hankali, ta yunƙura za ta zaga kwatarniyar yadda ta saba zaga randarta, sai rabin jikinta na baya ya ƙi bin na gaba. Ta sake yunƙurawa. Ruwan ya fara yin ja. Ta ɗago kai da ƙyar ta shaƙi iska, ta buɗe baki tana jira, don duk shekara in ta farka akwai kwaɗo.

Babu kwaɗo a bazara. Gwadabe ya duba gindin tulu, ya duba bakin rijiya, ya tona ƙasan magudana da hannu ko zai samu tana. Ƙasa ta bushe ƙamas. Ya dawo ya zauna. Bakinta yana nan a buɗe.

Sai ya sa hannu a ruwan, ya miƙa mata ɗan yatsa. Gaiwa tana da haƙoran da ke fasa ƙashi. Ta kama, ta datse da duk ƙarfin da watannin yunwa suka bar mata. Zafin ya hau masa har kafaɗa. Bai janye ba. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ya ji mutane suna wucewa ta bayan danga, wani ya rage murya ya faɗi wani abu, wani ya yi dariya. Yana zaune, hannu a ruwa, yana jin riƙon yana sassautawa kaɗan-kaɗan, har ta saki da kanta.